Tashar Zariya a Kan Faifan Katako: Nazarin Yadda Wani Sabon Hannu Ya Gina Ƙaramin Layin Dogo

Wannan nazari ya shafi aikin wani malamin zanen fasaha da ke koyarwa a wata makarantar sakandare a Zariya, wanda ya ɗauri aniyar gina ƙaramin samfurin layin dogo a ɗakin karatunsa da ke Tudun Wada, irin wanda jirgi ɗan mitsitsi yake tafiya a kai da wutar lantarki, alhali bai taɓa yin irin aikin ba, bai kuma sami wani a kusa da zai tambaya ba. Na bibiyi aikin tun yana zane a takarda, kuma abin da ya sa nake ganin ya cancanci a rubuta shi shi ne, yawancin shawarwarin da mutum zai tarar a intanet kan wannan sana'ar nishaɗi an tsara su ne domin mutanen Ingila da Amurka da Jamus, waɗanda ba su san ƙurar hunturu ba, ba su san gara ba, ba su kuma tunanin ɗaukewar wuta. Abin da ya yanke hukunci a aikin malamin ba kyan jirgin da ya mallaka ba ne. Faɗin ɗakinsa da yanayin garinsa ne suka yi.

Mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne da ya zauna a Sabon Gari, saboda haka burinsa na farko shi ne ya dawo da tashar Zariya kamar yadda take a shekarun 1950. Burin yana da tushe, domin Zariya mahaɗa ce ta gaske. Dogon da aka shimfiɗa daga garin Baro na bakin Kogin Neja ya ratsa ta kafin ya isa Kano a 1911. Daga nan ne kuma siririn dogon Bauchi ya tashi zuwa filayen kuza na Jos tsakanin 1912 da 1914, ya yi aiki har aka rufe shi a 1957, sannan reshen da ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Malamin ya zana duka ukun a takarda, da dandamalin fasinjoji, da rumfunan kaya, da rumfar gyaran injuna, har da Dutsen Kufena a bango.

Lissafi ne ya fara rage masa buri. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, wanda ake rage girman komai sau 87, sai OO na Ingila da ake ragewa sau 76, dukansu kuma suna tafiya a kan dogo mai faɗin milimita 16.5. A ma'aunin OO, kilomita ɗaya ta filin tasha tana buƙatar fiye da mita 13 na teburi, dandamali mai tsawon mita 200 kuwa zai cinye mita 2.6 shi kaɗai. Ɗakin malamin bai wuce mita uku a kowane gefe ba, kuma a cikinsa akwai kantar littattafai da teburin da yake duba takardun ɗalibai. Ya yi tunanin komawa ma'aunin N, wanda ake ragewa sau 160 a kan dogo mai milimita 9, amma ya fasa saboda dalilai biyu da nake ganin ingantattu ne. Na farko, kayan da ya riga ya mallaka, wato ƙaramin kan jirgi da 'yan taragu da wani ɗan'uwansa ya kawo masa daga Ingila, na OO ne. Na biyu, gwargwadon ƙanƙantar ƙafar jirgi gwargwadon yadda ƙwayar ƙura ɗaya take iya raba ta da dogo ta yanke mata wuta, wannan kuwa ba ƙaramar magana ba ce a Zariya.

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damunsa, kasancewarsa mutumin da ya saba da rula da tef. Tsohon dogon Najeriya faɗinsa milimita 1,067 ne, ba kamar sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ba, wanda ke da milimita 1,435. Dogon samfuri mai milimita 16.5 idan aka ninka shi sau 76 zai ba da milimita 1,254, wato ya fi na Zariya faɗi. Wanda yake son daidaito sosai zai iya rage komai sau 64 a kan wannan dogon, kamar yadda masu sana'ar suke yi a New Zealand inda faɗin dogonsu ya yi daidai da tsohon namu, sai dai hakan yana nufin ƙera kusan kowane tarago da hannu. Malamin ya haƙura da bambancin, kuma na goyi bayansa, domin sabon hannu da ya tsaya jiran cikakken daidaito yakan shekara bai ga jirginsa ya motsa ba, daga nan sha'awar ta mutu.

Shawara mafi muhimmanci da ya yanke ita ce ta siffar teburin. Abin da kusan kowane sabon shiga yake fara yi shi ne ya ɗauko faifan katakon nan da kafintoci ke kira fulawud, mai tsawon santimita 244 da faɗin 122, ya ɗora shi a kan ƙafafu, ya shimfiɗa dogo a zagaye. Dalilinsa a fili yake: mafi ƙarancin kwanar da yawancin jiragen wannan ma'auni suke iya sha ita ce mai nisan kusan santimita 45 daga tsakiyar da'ira zuwa dogo, saboda haka cikakken zagaye yana neman faɗin kusan mita ɗaya. Amma hannun mutum ba ya kaiwa fiye da santimita 60 zuwa 70 ba tare da ya kwanta a kan gine-ginen da ya yi ba, wanda ke nufin dole a bar hanyar wucewa a gefe biyu na faifan, kuma a ɗaki mai mita uku hakan zai kori teburin aiki da kantar littattafai gaba ɗaya. Malamin ya yanka tsofaffin jaridu daidai girman faifan ya shimfiɗa a ƙasa, ya gwada zagayawa, a take ya gane ba zai yiwu ba. Haka kuma ya yi watsi da gadar da ya so wani layi ya haye wani, bayan ya lissafa cewa jirgi yana buƙatar sararin kusan santimita 7.5 a ƙarƙashin gada, hawan da ƙaramin inji zai iya jurewa kuwa bai kamata ya wuce santimita biyu a kowace mita ba, wato sai an ba shi kusan mita huɗu na hawa da wasu huɗu na sauka.

Abin da ya tsaya a kai daga ƙarshe shi ne siririyar kanta da ke bin bango biyu. Ya sa aka yanka faifai ɗaya gida huɗu, kowanne santimita 122 a tsawo da 50 a faɗi. Biyu suka zama filin tasha, na uku ya zama ɓoyayyen wurin ajiye taragu a bayan wata katanga ta kwali, inda jirgi yake shiga a matsayin ya tafi Kano ko Gusau, na huɗu kuma ya ajiye shi domin gaba. Ya ɗaga kantar zuwa tsayin mita 1.2 daga ƙasa, yadda teburinsa zai shiga ƙarƙashi, ƙananan yara ba za su kai hannu ba, mai kallo kuma zai ga jirgin daga gefe kamar yadda ake ganinsa a tasha maimakon daga sama. A maimakon dukan tashar, ya zaɓi lungu ɗaya kawai: wurin lodin auduga da gyaɗa, da rumfar kaya ɗaya, da layuka uku.

Wanda bai san sana'ar ba zai ce layin da jirgi ba ya zagayawa ba shi da daɗi, amma abin ya zo akasin haka. Malamin ya ɗauki wani tsari sananne mai suna Inglenook, wanda wani Bature ɗan Ingila, Alan Wright, ya yaɗa. Layuka uku ne, ɗaya yana ɗaukar taragu biyar, biyu suna ɗaukar uku uku, sai ɗan layin ja da baya wanda ba ya ɗaukar fiye da kan jirgi da taragu uku. Ana zuba taragu takwas, a zaɓi biyar ta hanyar ƙuri'a, a ce a jera su bisa tsarin da ƙuri'ar ta fitar. Jerin da zai iya fitowa ya kai 6,720, kuma kowanne yana neman tunani, domin wurin juyawa ƙarami ne. Wannan shi ne ainihin aikin da masu haɗa taragu suke yi a tasha, kuma tsarin ba ya buƙatar fiye da masauyin layi biyu, waɗanda su ne suka fi tsada a cikin kayan dogo, balle ga mai yin odar su daga waje ya biya kuɗin dako.

Wajen sayen kaya ya yi asara ɗaya. Ya ga wani kan jirgi na hannu a intanet da araha, an rubuta HO a jikinsa, ya saya, da ya ɗora shi a kan dogo sai wuta ta haɗe nan take. Jirgin lafiyarsa ƙalau, amma na tsarin kamfanin Märklin ne na Jamus, wanda yake ɗaukar wuta daga wasu ƙananan ƙusoshi a tsakiyar dogo, ƙafafunsa na dama da na hagu kuma a haɗe suke, alhali tsarin da kamfanonin Hornby da Bachmann da Peco suke bi yana tura wuta ta dogo ɗaya ta dawo ta ɗayan. Ya kuma gano cewa maƙalan da ke haɗa taragu sun bambanta tsakanin na Ingila da na Amurka da na sauran ƙasashen Turai, ko da faɗin dogon ɗaya ne. Daga nan ya tsaya a kan kayan Ingila kaɗai, ya kuma bar dogon ƙarfe mai tsatsa da ya zo da tsohon kayansa ya sayi na gaurayen nikel, wanda ba ya tsatsa a damina.

Matsalar wuta ya warware ta da dabarar da ta dace da gari. Waɗannan jirage suna aiki da wutar da ba ta wuce bolt 12 ba, irin ta batir, saurinsu yana bin ƙarfin wutar, juya fuskar wayoyi kuma yana mayar da su baya. Taransfomar da ta zo daga Ingila ta dace da soket ɗinmu da wutarmu mai bolt 230 (ta Amurka da an jona ta kai tsaye da ta ƙone), amma da yamma, lokacin da yake da sarari, sau da yawa babu wuta. Sai ya jawo waya daga batirin solar gidansa, wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari ya haɗa masa ɗan akwatin rage sauri da makunnin juya fuska. Mai gyaran ya nace a kan abu ɗaya: batir irin wannan yana iya tura wutar da za ta narkar da waya idan ƙarfe ya faɗo ya haɗa dogo biyu, don haka ya sa fis, ya kuma jera ƙwan fitilar mota mai wat 21 a kan hanyar wutar, wanda yake kamawa ya tare yawan wutar duk lokacin da aka sami haɗuwa. Malamin ya ji labarin tsarin zamani na DCC da ke ba da damar tuƙa jirage da yawa a layi ɗaya, amma ga mai kan jirgi ɗaya babu abin da zai ƙara masa sai kashe kuɗi.

Babbar jarrabawar aikin ta zo ne daga katako. An yi firam ɗin kantar a watan Agusta, tsakiyar damina, kuma kafintan ya faɗa masa gaskiya: "Malam, katakon nan bai gama bushewa ba, da ka bari sanyi ya shigo." Ɗokin ganin jirgi yana tafiya ya hana shi jira. Ya shimfiɗa dogo, ya kafa shi da ƙusoshi kusa da kusa, kuma domin wuta ta riƙa wucewa sosai ya liƙe kowace gaɓa da dalma, har dogon ya zama sanda ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Jirgi ya yi tafiya lafiya har kaka. Da hunturu ya kankama a Disamba, iska ta bushe, ɗanyen katakon firam ya fitar da ruwansa ya murɗe, faifan ya ɗan tsuke, dogon kuwa ƙarfe ne da bai san laima ko bushewa ba, saboda haka da ya rasa inda zai shiga sai ya lanƙwashe gefe a kusa da masauyin layi na farko. Kaucewar ba ta wuce milimita biyu ba, amma ta isa ta jefar da kowane tarago. A gaɓar da faifai biyu suka haɗu kuma, gefe ɗaya ya ɗaga sama da ɗayan.

Yana da kyau a fahimci cewa abubuwa biyu ne suke aiki a nan, kuma ba sa tafiya tare. Katako yana bin laimar iska, yana kumbura da damina yana tsukewa da rani. Ƙarfe yana bin zafi, kuma dogo mai tsawon mita 2.4 zai ƙara kusan milimita ɗaya idan zafin ɗaki ya ƙaru da digiri 20, abin da ke faruwa tsakanin asubahin Janairu da tsakar ranar Afrilu a ƙarƙashin rufin kwano. Lokaci mafi haɗari shi ne bazara kafin ruwan farko, domin a lokacin katako ya kai ƙarshen tsukewa, ƙarfe kuma ya kai ƙarshen miƙewa. Da malamin bai gyara a Disamba ba, da abin da zai gani a Maris ya fi muni.

Gyaran ya ɗauki sauran hunturun. Ya tuge dogon duka. Ya sauya sandunan firam da suka murɗe da tsohon katakon wani bencin makaranta da ya shekara da shekaru yana bushewa, ya shafe su da maganin gara, ya kuma yi wa faifan fenti ciki da baya har da bakin yanka, domin katakon da aka yi wa fenti a fuska ɗaya yakan sha laima ta ɗayar ya lanƙwashe. Ya raba kantar da bango da ɗan sarari yadda zai riƙa leƙawa ya ga ko gara ta fara gini. Da ya zo mayar da dogon, ya bar tsaga mai kaurin katin waya a kowace gaɓa, ya bar maɗaurin gaɓar yana zamewa ba tare da dalma ba, sannan ya liƙa wa kowane yanki na dogo tasa siririyar waya, ya huda faifan ya sauke ta zuwa manyan wayoyi biyu da suka bi ƙarƙashin kantar, ja ɗaya baƙa ɗaya. Ta haka wuta ta daina dogara da gaɓoɓi. A mahaɗar faifai ya sa ƙusoshi masu noti da ke riƙe ɓangarorin a daidai, ya yanke dogon a kan mahaɗar, yadda za a iya kwance kantar gida gida idan ya tashi daga gidan hayar.

Ƙura ba ta da maganin ƙarshe, sai dai kulawa. Ya yi wa kantar rufi da wani allo a sama, ya sa labulen leda mai kauri da ake saukewa, taragu da kan jirgi kuma suna kwana a cikin robar abinci mai murfi. Kafin kowace tafiya yana goge saman dogo da ƙyalle marar gashi da ɗan sifirit. Ya daina amfani da takardar yashi, domin ƙarcen da take bari shi ne yake tara datti, ya kuma rage sa wa injin mai, ganin cewa mai da ƙurar hunturu idan suka haɗu kwaɓi suke zama a cikin haƙoran giya.

Sai da jirgi ya yi makonni yana tafiya ba tare da faɗuwa ba kafin ya taɓa ado, kuma a nan ne Zariya ta rama masa abin da ta ci. Kayan ado da ake sayarwa a waje, koren ciyayi da itatuwan ƙasashen sanyi, ba su dace da abin da yake so ba, saboda haka bai saye su ba. Ya ɗebo jar ƙasa da yashi daga bakin Kubanni, ya wanke, ya shanya, ya tankaɗe da rariya, kuma kafin ya zuba ya bi su da maganaɗisun tsohuwar lasifika, ya yi mamakin yawan baƙin garin ƙarfen da ya manne. Wannan mataki ba a tsallake shi, domin injin jirgin yana da nasa maganaɗisun, kuma duk garin da aka bari a gefen dogo cikinsa zai ƙare. Ya baza yashin tsakanin dogo da buroshi, ya jiƙa shi, ya ɗiga masa farin gam na kafintoci da aka sirka da ruwa rabi da rabi da ɗigon sabulun wanke kwanuka, yana kaffa-kaffa da harsunan masauyin layi kada su liƙe. Rumfar kaya ta kwali ce, rufinta kuma takardar gwangwani da ya matsa a kan matsefi ta fito da layukan kwano. Dilolin auduga ya yi su da guntun katako da aka naɗe da farin ƙyalle, buhunan gyaɗa da yumɓu, rimi guda ɗaya da murɗaɗɗiyar wayar tagulla da soso. Ciyawar rani zaren igiyar rama ce da ya yanka guntu guntu. Ma'aunin da ya riƙe a duk wannan shi ne tsayin mutum, wanda a OO bai wuce santimita 2.3 ba, kuma ya yanka ɗan kwali mai wannan tsayi yana gwada kowace ƙofa da kowace katanga da shi.

Dutsen Kufena ya samu shiga, amma a matsayin zane a allon baya, da shuɗi mai hazo kamar yadda ake hango shi a watan Janairu. Ya kuma koya wa kansa tuƙi a hankali, bayan ya lissafa cewa jirgin da ke gudun kilomita 20 a awa a cikin tasha daidai yake da santimita bakwai a daƙiƙa a kan kantarsa, wato fiye da rabin minti kafin ya ratsa faifai biyu. Ɗan ƙanwarsa da ke zuwa ranar Asabar shi ne mai jan ƙuri'a da sauya layi, kuma shi ne ya fara cewa, "Kawu, taragun nan ba su yi kama da namu ba."

Yaron yana da gaskiya, kuma wannan ne ɓangaren da ya rage a buɗe. Taragun Ingila gajeru ne masu ƙafa huɗu, kan jirgin ma na can ne, ko da yake malamin ya sake musu fenti ya dusashe su da garin jar ƙasa. Yanzu yana auna tsofaffin hotuna da tsofaffin taragun da ke ajiye a gefen tasha domin ya ƙera gangar jikinsu da kwali da roba a kan ƙafafun da aka saya. Faifai na huɗu an yi masa fenti yana jingine, kuma niyyarsa ita ce ya shimfiɗa masa siririn dogo mai milimita 9 a matsayin layin Bauchi, wanda ainihin faɗinsa milimita 762 ne, wato kusan milimita 10 a ma'auninsa. Ya ce ba zai kafa ƙusa ko ɗaya a kansa ba sai faifan ya ga damina ɗaya da hunturu ɗaya a cikin ɗakin, kuma yana rubuta faɗin tsagogin tsohon dogon a littafi a farkon kowane wata domin ya san iyakar abin da zai bari a sabon.